Tanki Biyu, Famfo Biyu: Abin da Ke Kayar da Ɗaliban Injiniya a Darasin Ruwa

Duk shekara, ranar da na fara shiga ajin ɗaliban injiniyan gine-gine don darasin da suke kira fuluwid, wato ilimin yadda ruwa da iska ke zama da yadda suke gudana, ba na rubuta komai a allo sai zanen tankuna biyu. Ɗaya ƙato ne mai cin lita 5,000, ɗayan kuwa dogon bututu ne siriri da ko lita 50 ba ya ɗauka. Saman ruwan da ke cikinsu tsayinsa ɗaya, mita 6 daga ƙasa, kuma kowanne da famfo iri ɗaya a gindinsa. Sai in tambaya: in an buɗe su tare, wanne zai fi feso ruwa da ƙarfi? Mafi yawan hannuwa kan tashi ne ga babban tankin. Hujjarsu kuma mai kama hankali ce: "Malam, ai ruwa mai yawa ya fi nauyi, dole ya fi danna famfon."

A daidai lokacin da aka buɗe su, ƙarfin ɗaya ne. Matsin ruwa zurfi yake bi, babu ruwansa da faɗin mazubi. Bambancin kawai shi ne na bututun zai riga ƙarewa. Simon Stevin ya yi bayanin wannan a ƙasar Holan tun 1586, kuma maginin unguwa yana aiki da ɗan'uwan wannan ka'ida kullum: ya cika tiyon roba mai haske da ruwa, yaronsa ya riƙe baki ɗaya shi ya riƙe ɗayan, su sa alama a bango kafin a zuba lintal, don sun san ruwan zai tsaya a tsayi ɗaya a ɓangarorin biyu komai lanƙwasar tiyon. Yaran da ke gabana kuwa sun ci fizis, sun ci kalkulas, da yawansu za su rubuto maka fomular matsin ruwa ido rufe. Fomular tana kansu, amma da aka zana musu tanki sai suka ajiye ta gefe suka koma ga abin da zuciya ta raya musu. A ganina duk wahalar koyar da wannan darasi tana cikin wannan tazara, tsakanin abin da ɗalibi ya haddace da abin da ya yarda da shi.

Akwai dalilin da ya sa fuluwid ke yawan barin ɗalibai da kari-oba. Kafin su iso gare shi, sun saba da abubuwan da ke tsayawa wuri ɗaya. Ginshiƙi ginshiƙi ne, ƙarfe ƙarfe ne; ka zana shi, ka ɗora masa kibiyoyin nauyi, ka yi lissafi, gobe ma yana nan inda ka bar shi. Ruwa ba ya tsayawa a zana shi. Wanda ka gani a ƙarƙashin gada yanzu, kafin ka ɗaga alƙalami ya yi gaba, wani ya maye gurbinsa. Don haka dole ɗalibi ya sauya yadda yake kallo: ya bar bin ɗigon ruwa guda, ya shata wani fili a zuciyarsa, kamar ƙarƙashin gadar nan, ya riƙa ƙirga abin da ke shiga da abin da ke fita. Wannan sauyin tunani ne ya fi lissafin kansa wuya, kuma shi ne malamai muka fi gaggawar wucewa, sau da yawa cikin lacca ɗaya.

Amma babbar matsalar a tarihin ilimin take, kuma ba kasafai ake faɗa wa ɗalibai ita ba. Darasin nan gadon gidaje biyu ne da suka shafe kusan shekara 150 kowa na harkar gabansa. Gida na farko na masana lissafi ne. Daniel Bernoulli ya fitar da littafinsa a 1738, Leonhard Euler ya tsara ka'idojin motsin ruwa a shekarun 1750, kuma aikinsu kyakkyawa ne ƙwarai, sai dai sun ɗauki ruwa tamkar abin da ba ya gugar komai. A 1752 Jean d'Alembert ya bi irin wannan lissafi har ƙarshe, ya tarar yana nuna cewa abin da aka tsoma cikin ruwa mai gudu ba zai ji ja ba ko kaɗan, alhali duk wanda ya taɓa tsayawa a kogi da damina ya san ruwa na ture ƙafa. Navier a 1822 da Stokes a 1845 suka shigar da kaurin ruwa cikin lissafin, suka samar da ka'idojin da har yau ake dogaro da su, amma masu tsananin wuyar warwarewa. A shekarar 2000 wata cibiyar lissafi a Amurka mai suna Clay ta sa kyautar dala miliyan ɗaya ga wanda ya amsa wata tambaya ta asali a kansu.

Gida na biyu na injiniyoyi ne, waɗanda gari ke jiran ruwan sha daga hannunsu, ba su da halin jiran masu lissafi su gama. Su aunawa suka yi. Antoine Chézy ya fitar da fomularsa ta gudun ruwa a magudana yana aikin kawo wa birnin Faris ruwa a ƙarni na 18. Henry Darcy ya jawo wa garinsu Dijon ruwa daga wani marmaro, ya cika bututu da yashi yana zuba ruwa yana auna abin da ke tsiyayowa, kuma daga rahotonsa na 1856 aka sami ka'idar da duk mai nazarin rijiyar burtsatse ke amfani da ita a yau. Robert Manning na Ayalan, wanda da aikin akawun kuɗi ya fara rayuwa, ya tattara awon da wasu suka yi a koguna da magudanai ya gabatar da tasa fomular a 1889. Sai a 1904 Ludwig Prandtl, a wani taron masana lissafi a Heidelberg ta Jamus, ya nuna inda gidajen biyu suka haɗu: gugar ruwa tana da tasiri ne a wani siririn yanki da ke manne da bango, can nesa da bango kuwa lissafin su Euler yana aiki.

To, ɗalibin aji biyu ko aji uku yana karɓar kayan gidajen nan biyu a gauraye cikin handawut ɗaya, kowace fomula a cikin akwatinta, duk da kama ɗaya. Babu mai ce masa wannan doka ce da ba ta da makawa, kamar cewa ruwan da ya shiga bututu dole ya fita ko ya taru, waccan kuwa taƙaitawar awo ce da wani ya yi a irin kogunan ƙasarsu, tana aiki ne cikin iyaka. Wanda bai san wannan bambanci ba zai riƙe lambar Manning, wato ƙiyasin kaushin magudana, da irin yaƙinin da yake riƙe da nauyin ruwa, ya rubuto amsa mai lamba shida bayan ɗigo a kan abin da ko lambar farko ƙiyasi ce. Na fi son in ɓata lacca biyu cur a kan wannan tarihi da in ƙara babi guda a manhaja.

Ka'idar Bernoulli ce wurin da wannan rashin bambancewa ya fi yin ɓarna, domin tana da sauƙin haddacewa kuma tana ba da amsa ko da an ɗora ta inda bai dace ba. Abin da take cewa shi ne ƙarfin da ke tare da ruwa yana zuwa a fuska uku, tsayin wurin da yake, matsinsa, da gudunsa, kuma jimillarsu ba ta canzawa a kan hanyarsa. Amma da sharuɗɗa: gudun ya kasance bai sauyawa da lokaci, babu guga, babu inji a tsakani da ke ƙara ƙarfi ko ya zuƙe. Ɗauki yaron da ke wanke mota ya danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwan ya yi tsartuwa ya kai nesa. Ka tambayi aji dalili, za a ce maka ƙofa ta ƙanƙance, dole gudu ya ƙaru tunda ruwan da ke fita bai canza ba. Sai ka kawo bokiti da agogon waya. Da tiyon a buɗe bokitin ya fi saurin cika, ashe ruwan ya ragu da aka danne. Abin da ya faru shi ne, lokacin da tiyon ke buɗe, ruwa na gudu sosai a cikinsa, guga ta cinye kusan duk ƙarfin kafin ya iso baki. Da aka danne, gudun cikin tiyon ya lafa, asarar guga ta faɗi warwas, matsin da ke can tushe ya iso har bayan yatsa, shi ne ya harba ruwan. Wato gugar da ka'idar ta ce a ajiye gefe ita ce ke bayyana abin. Ɗalibin da ya riƙe bokitin nan da hannunsa ba ya sake mance sharuɗɗan.

Abu ɗaya da injiniyoyin ruwa suka gadar mana wanda nake ganin alheri ne ga mai koyarwa shi ne auna ƙarfin ruwa da mita. Maimakon a ce matsi ya kai kilofaskal 98, sai a ce ya kai mita 10 na ruwa, wato da za a huda bututun a kafa wani a tsaye, ruwan zai haura bene hawa uku. Wannan ido na iya ganinsa. Da shi ne kuma ake gane abin da manoman fadama suka sani a aikace. Injin ban-ruwa da aka ajiye a bakin rijiya ba ya jawo ruwa da kansa. Rage matsi yake yi a cikin tiyo, nauyin iskar duniya ya turo ruwan sama. Nauyin iskar nan kuwa iyakarsa ya ɗaga ruwa mita 10.3 a gaɓar teku, a aikace kuma da wuya a wuce mita 7 zuwa 8. Masu haƙar rijiya a Italiya sun ci karo da wannan iyaka tun zamanin Galileo, almajirinsa Torricelli ya gano dalilinta a shekarun 1640. A tudu irin na Jos, inda iska ta fi sauƙi, iyakar tana raguwa da fiye da mita guda. Shi ya sa idan rani ya yi nisa ruwa ya janye, za ka ga manomi ya haƙa rami ya saukar da injin ƙasa. Na sha tambayar ɗalibai abin da za su ba shi shawara, su ce ya sayi inji mai ƙarfin doki da yawa. Da ya bi tasu da ya yi asarar kuɗinsa, don ko injin wane iri ne, muddin daga sama yake zuƙa, iyakar tana nan.

Irin wannan sanin girman abu, a iya cewa kaza ya yi yawa ko ya yi kaɗan tun kafin a taɓa kalkuleta, shi ne abin da na fi so ɗalibi ya fita da shi. Jarkar ɗan garuwa mai lita 25 kilo 25 ce ta ruwa. Mita kubik ɗaya tan guda ne cif. Bangon da ke tare ruwa mai zurfin mita 10 yana shan turi na kimanin tan 50 a kowace mita ta faɗinsa, in zurfin ya ninka zuwa mita 20 turin ya zama tan 200, ninki huɗu, kuma cibiyarsa tana sulusin tsayi daga ƙasa, dalilin da ya sa gindin dam ke fin kansa kauri ke nan. Idan aka rufe bawul farat ɗaya a babban bututun ƙarfe da ruwa ke gudun mita ɗaya a daƙiƙa, matsin na iya tashi da kusan mita 100, abin da Nikolai Joukowsky ya auna a bututun ruwan birnin Mosko a 1898. Wanda waɗannan lambobi suka zauna masa, in kwamfuta ta ba shi amsar banza zai ji a jikinsa.

A babin bututu ma haka. Osborne Reynolds a Manchesta, a 1883, ya saki siririn zaren tawada cikin ruwan da ke bin bututun gilashi. A hankali zaren ya miƙe sambal, da aka ƙara gudu ya tarwatse ya gauraye. Lambar da ke ɗauke da sunansa, wadda ake samu daga gudun ruwa da faɗin bututu da kaurin ruwan, ita ke raba yanayin biyu: ƙasa da 2,000 ruwa na tafiya a natse, sama da 4,000 ya hargitse. Ka sa ɗalibai su lissafa ta ga bututun gida mai faɗin milimita 25 da gudun mita ɗaya a daƙiƙa, za su sami 25,000. Nan take sai su fahimci cewa kusan duk ruwan da za su yi aiki da shi a rayuwarsu hargitsattse ne, kuma kyakkyawan lissafin nan na natsattsen gudu da suka kwana suna bita ya fi amfani ga zuma da man inji da ruwan da ke ratsa yashi. Ga hargitsattsen gudu kuwa sai a koma ga awo: Nikuradse da ya manna ƙwayoyin yashi a cikin bututu a 1933, Colebrook a 1939, da jadawalin Moody na 1944, zanen da ake karanto lambar guga daga cikinsa. Wasu abokan aiki na cewa a daina koyar da jadawalin tunda waya ma na iya fitar da lambar. Ban yarda ba. Waya lamba ɗaya take bayarwa, jadawalin kuwa yana nuna wa ido inda kaushin bututu ya fara rinjayar komai, da abin da zai faru in bututun ya tsufa ya yi tsatsa.

Kuma daga nan ne gaskiyar da ta fi kowace tsada a aikin famfo ke fitowa: ga adadin ruwa ɗaya, asarar guga tana hawa in faɗin bututu ya ragu, kuma faɗin da aka ninka da kansa sau biyar take bi. Ka rage faɗin da rabi, asarar ta ƙaru kusan sau 32. Na taɓa zuwa duba wani gini inda ruwa ya ƙi hawa bene na sama, mai gidan har ya sauya inji sau biyu. Ashe an sa bututu ƙarami ne a dogon layin da ya taso daga tanki don a rage kuɗi. Tsohon mai aikin famfon da ke wurin ya ce mini, "Injiniya, tun farko na faɗa musu bututun nan ya yi wa gidan kaɗan." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Wanda ya sa hannu a zanen kuwa ya yi wannan darasi, kuma ya ci.

Ga ɗalibin gine-gine musamman, ina ganin muna karkatar da lokaci inda bai kamata ba. Yawancin littattafan gabatarwa an rubuta su ne don kowane irin injiniya, da babi-babi a kan fukafukin jirgi da iskar da ake matsewa, ruwan da ke gudu a buɗaɗɗiyar magudana kuma a tura shi ƙarshe, inda zangon karatu kan ƙare kafin a iso, balle in yajin aiki ya gutsure makonni. Alhali aikin da ke jiran yaran nan kwalbati ne da lambatu da gada da hanyoyin ban-ruwa irin na Kadawa da ke shan ruwan dam ɗin Tiga. A can lambar kaushi ta Manning ce ke mulki. Ga siminti mai santsi ana ɗaukar 0.013, ga magudanar ƙasa mai tsabta wajen 0.022 zuwa 0.025, in ciyawa ta kama ta kuma lambar ta haura 0.035 ko fiye. Ruwan da magudana ke iya ɗauka yana raguwa daidai da hawan lambar, ta ninka ya koma rabi. Mutanen Hadeja da Nguru sun ga haka da idonsu tun da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwansu, ruwan ya bar inda ake bukatarsa ya malale inda ba a so. Lambatun cikin gari da yashi da leda suka cike shi ma haka ne. Saboda haka injiniyan da ya zana magudana da lambar sabon siminti ya zana ta ne don ranar buɗe ta kawai. Ballewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988, da ta Alau da ta shanye Maiduguri a 1994 da kuma Satumban 2024, kowace da nata dalilan, amma tambayoyin da suke tayarwa, nawa ne ruwan da ke shigowa, nawa mafitar dam za ta iya fitarwa, wane turi bango ke sha, duk a wannan aji ake fara koyon amsa su.

Za a ce ɗakin gwaji ne babu, kuma akwai gaskiya a ciki. Na koyar a inda ɗalibai fiye da ɗari ke zagaye teburin gwaji ɗaya, injinsa ya lalace ko babu wuta, a ƙarshe kowa ya kwafi rahoton 'yan shekarar da ta wuce har da kurakuransu. Wannan yana ci mini rai, domin yana koya wa yaro tun da wuri cewa awo abu ne da ake ƙirƙira a kan takarda. Sai dai fuluwid ya fi kowane darasin injiniya arahar kayan gwaji. Gorar ruwa da aka huda wuri uku tana nuna cewa ƙofar ƙasa ta fi tsartuwa, kuma da tef ɗin awo za a gwada ka'idar Torricelli, wadda ta ce zurfin ƙofa ne ke yanke gudun ruwan da ke fita, a ga inda ta ɗan kauce da dalilin kaucewar. Tiyon magini ma'aunin matsi ne. Bayan an ɗauke ruwan sama, a fita bakin lambatun makaranta a auna faɗi da zurfi, a jefa ɗan ɓawon lemo a ƙirga daƙiƙun da zai yi a mita 10, a rage kimanin kashi 15 cikin 100 tunda saman ruwa ya fi cikinsa gudu, sannan a kwatanta da abin da Manning ya ce. Ba za su zo daidai ba, kuma muhawarar da ke biyo baya kan dalilin saɓanin ta fi lacca uku amfani. A ƙasan kwalbati kuma za su ga inda ruwa mai gudu siriri ke yin tsalle ya kumbura ya lafa, su ga ramin da yake ci a ƙasa in ba a shimfiɗa masa dutse ba.

Harshe ma yana taimakawa in an ƙyale shi. Da Turanci ake koyarwa, da shi ake jarrabawa, amma ɗalibin da ya rikice tsakanin nauyin abu da kaurinsa, ka ce masa man gyaɗa ya fi ruwa kauri amma a kan ruwa yake tasowa, shi ke nan ya raba su har abada. Bahaushe ma ya bambanta kauri da yauƙi: kunu kauri gare shi, miyar kuɓewa yauƙi, kuma wannan ita ce ƙofar bayanin ruwayen da ba sa bin ka'idar Newton, wato waɗanda kaurinsu ke sauyawa gwargwadon yadda ake juya su, irin kwaɓaɓɓen siminti da laka.

Jarrabawa ce ke yanke abin da ɗalibi zai karanta, don haka a nan na fi sauya hannu. Muddin tambayoyin na "ga lambobi, nemo amsa" ne, hadda za a yi, kuma mai hadda bai yi laifi ba. Yanzu nakan ba da lissafin da aka riga aka gama, na tankin sama da bututu mai tsawon mita 200 da aka warware da Bernoulli ba tare da guga ba, in ce a nuna inda aka yi kuskure, a faɗi ko amsar gaskiya za ta fi wannan ko za ta gaza, kuma da kamar nawa. Nakan kuma ware maki ga ƙiyasin da ɗalibi ya rubuta kafin ya fara lissafi, da jumla ɗaya a ƙarshe da ke cewa amsar ta yi kama da gaskiya ko ba ta yi ba. Dubawar tana cin lokaci fiye da da, musamman a aji mai yawa. A takardar ƙarshe kuma nakan maido da tankunan nan biyu na ranar farko, sai dai wannan karon akwai dogon tiyo a bakin kowane famfo, ɗaya mai faɗin inci ɗaya, ɗayan rabin inci.